Waƙafi a Jimlar Ingilishi: Aikin Nahawu Ne, Ba na Numfashi Ba

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Idan akwai wata alamar rubutu da wannan karin magana ya dace da ita, to waƙafi ne. Ɗigo ne mai ɗan wutsiya wanda bai kai ƙwayar gero ba, amma ya sha kayar da ɗalibi a jarrabawa, ya sha juya ma'anar takarda, har ma ya taɓa kai manyan mutane gaban alƙali.

Wata shekara na je duba ɗalibanmu da ke gwajin koyarwa a wata ƙaramar makarantar sakandare. Na sami wuri a bayan aji na zauna. Ɗalibin namu yana koya wa 'yan aji biyu alamomin rubutu na Ingilishi. Ya rubuta wata doguwar jimla a allo, ya juyo ya ce wa yara, "Ku karanta a hankali, duk inda kuka ji numfashinku ya ƙare ku sa waƙafi." Yara suka duƙufa. Da na zaga ina leƙa littattafansu, sai na tarar kowa da inda ya ajiye nasa. Wata yarinya ta sa waƙafi bayan kowace kalma uku. Wani yaro kuwa bai sa ko ɗaya ba. Da malamin ya tambaye shi dalili, sai ya ce, "Malam, ni numfashina bai ƙare ba."

Bayan an tashi na ja ɗalibin nawa gefe na tambaye shi inda ya samo wannan doka. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai haka aka koya mana tun muna firamare." Ban ga laifinsa ba, domin ni ma haka aka koya mini. Amma yaron nan da ya ce numfashinsa bai ƙare ba ya fi mu gaskiya. Dokar da amsarta ta dogara ga girman huhun mai rubutu ba doka ba ce.

Ra'ayin da nake son in kafa a wannan maƙala shi ne, waƙafi a Ingilishin yau yana bin ginin jimla ne, kuma malamin da ya san nahawun Hausa ya fi kowa damar koyar da shi ga ɗan Bahaushe, saboda yawancin kurakuran da yaranmu ke yi daga ƙirar jimlar Hausa suke tasowa.

2.0 Asalin Ruɗanin

Dokar numfashi ba daga sama ta faɗo ba, tana da tarihi. Wajen shekaru 200 kafin haihuwar Annabi Isa, wani masani mai suna Aristophanes, wanda ya shugabanci shahararren ɗakin karatu na Iskandariya a ƙasar Masar, ya ƙirƙiro ɗige-ɗige da ake sa wa rubutun Girkanci domin taimakon mai karatu a bayyane. A wancan zamani rubutu abin karantawa ne ga jama'a da murya, saboda haka babban aikin alama shi ne nuna wa mai karatu inda zai dakata. Kalmar da Ingilishi ke kiran waƙafi da ita ma daga Girkanci aka samo ta, kuma asalin ma'anarta shi ne ɗan yanki da aka gutsuro daga magana.

Al'amari ya sauya bayan bayyanar injin ɗab'i. A ƙarshen ƙarni na 15 wani maɗabi'i na birnin Venice a ƙasar Italiya, Aldus Manutius, ya taimaka ƙwarai wajen daidaita siffar waƙafi kamar yadda muka san shi a yau. A shekarar 1566 jikansa, wanda ya ci sunansa, ya bayyana cewa babban aikin alamomin rubutu shi ne fito da ginin jimla fili. Da littattafai suka yawaita, mutane suka koma karatu da ido a cikin zuci, sai wannan ra'ayi ya yi ta samun gindin zama har ya rinjaya a rubutun Ingilishi na ilimi da na hukuma.

Mu kuma a namu ɓangaren, sunan da muka laƙa wa alamar ya ƙara ɗaure wa dokar numfashi gindi. Kalmar waƙafi daga Larabci muka aro ta, ma'anarta tsayawa, kuma duk wanda ya yi karatun allo ya san ta a matsayin wurin da mai karatu ke dakatawa. Da rubutun boko ya zo da wannan alama, sai muka ba ta sunan da muka riga muka sani. Sunan ya yi kyau, amma ya sa yaro yana jin kalmar sai tunaninsa ya tafi ga murya, alhali a Ingilishi ido ake yi wa hidima.

3.0 Ayyukan Waƙafi da Inda Hausa Ke Jan Hannun Ɗalibi

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Yaron da ya tashi da Hausa a bakinsa, idan ya ɗauki alƙalami zai rubuta Ingilishi, ƙirar jimlar Hausa ce ke riƙe da hannunsa. Bari mu dubi manyan wurare biyar mu ga yadda hakan ke faruwa.

3.1 Jerin abubuwa

Hausa tana jera sunaye ta hanyar maimaita mahaɗin "da" a tsakaninsu, ba ta da bukatar waƙafi. Ingilishi kuwa yana raba su da waƙafi, ya ajiye mahaɗi ɗaya kafin na ƙarshe:

1. Mun sayo gero da dawa da masara da shinkafa.
2. We bought millet, guinea corn, maize and rice.

Wato aikin da "da" ke yi sau uku a jimla ta 1, waƙafi biyu da mahaɗi ɗaya suka raba shi a jimla ta 2. Idan aka nuna wa yaro waɗannan jimloli kafaɗa da kafaɗa, nan take zai gane cewa waƙafin jeri mazaunin mahaɗi ya ɗauka. Daga nan kuma zai gane kansa cewa ba a sa shi kafin abu na farko, ba a kuma sa shi bayan na ƙarshe, tunda babu mai cewa "mun sayo da gero" a wannan ma'ana, ko "masara da shinkafa da sun yi tsada". Kuskure irin na

3. Millet, maize and rice, are expensive.

zai kau ba tare da haddar wata doka ba. Haka nan ma'aunin yake aiki a kan jerin sifofi. Ana rubuta "a tall, quiet boy" da waƙafi domin ana iya sa mahaɗi tsakanin sifofin biyu, amma "a new school uniform" ba ya karɓar waƙafi domin mahaɗi ba ya shiga wurin.

Ya kamata in faɗa a nan cewa cutar tana tafiya ta fuska biyu. Yau za ka ga an rubuta "gero, dawa, masara da shinkafa" a jaridun Hausa da littattafai. Wannan rigar aro ce, ƙirar Ingilishi aka sanya wa Hausa. Malamin da ya bambance tsarin biyu ya tsare harsuna biyu a darasi guda.

3.2 Haɗa ganguna

A nan ne yaranmu suka fi zubar da maki. Hausa tana jera ganguna cikakku ba tare da mahaɗi ba, kuma jimlar ta zauna daram:

4. Ruwa ya ɗauke, manoma suka fita gona.

Babu abin da ya sami wannan jimla. Lamirin "suka" ya riga ya ɗaure ganga ta biyu da ta farko. Amma idan yaro ya ɗauki wannan ƙira ya kai ta Ingilishi, sai ya rubuta:

5. The rain stopped, the farmers went to the farm.

A daidaitaccen Ingilishi wannan kuskure ne, domin waƙafi shi kaɗai ba shi da ƙarfin ɗaure ganguna biyu masu cin gashin kansu. Hanyoyin gyara guda huɗu ne. Ko dai a sa aya a raba jimlar biyu, ko a sa waƙafi mai ruwa a madadin waƙafin, ko a ƙara mahaɗi bayan waƙafin, ko kuma a mayar da ganga ta farko dogarau:

6. The rain stopped, and the farmers went to the farm.
7. When the rain stopped, the farmers went to the farm.

Abin lura shi ne, "da" ta Hausa sunaye take haɗawa, ba ta haɗa jimla da jimla. Ba a cewa "Audu ya zo da Bala ya tafi" a ma'anar jeri. Saboda haka ɗan Bahaushe bai saba neman mahaɗi a wannan gurbi ba. Ba rashin ƙoƙari ne ya sa ya bar shi ba, harshensa ne bai taɓa bukatar shi ba. Malamin da bai san wannan ba zai yi ta jan jan biro shekara da shekaru, yaro kuma ya yi ta maimaita kuskuren.

3.3 Tsakanin aikau da aikatau

Bahaushe yana son fito da abin da zai yi magana a kai, ya ɗan dakata, sannan ya faɗi abin da ke bakinsa: "Malamin da ya koya mana lissafi bara kam, ya yi ritaya." A Ingilishi kuwa ba a raba aikau da aikatau da waƙafi guda, komai tsawon aikau ɗin:

8. The teacher who taught us mathematics last year has retired.

Duk wanda ya karanta jimla ta 8 da murya zai ɗan dakata bayan kalmar "year". Dokar numfashi za ta ce a sa waƙafi a wurin, nahawu kuwa ya hana. Wannan misali shi kaɗai ya isa ya nuna cewa murya da waƙafi ba kullum suke tafiya tare ba.

3.4 Share fage da kiran suna

Idan ganga dogarau ta riga babbar ganga zuwa, waƙafi yakan shata iyakarsu domin kada idon mai karatu ya zarce:

9. While the women were cooking the goat ran away.

Mai karatu zai fara fahimtar cewa akuya ake dafawa, sai ya isa ƙarshe ya ga ashe akuyar ce ta gudu, ya koma baya. Waƙafi bayan "cooking" shi ke tsare shi daga wannan tuntuɓe. A Hausa tuntuɓen ba ya aukuwa, domin siffar kalmar ta bambanta: "suna dafawa" daban, "suna dafa akuya" daban. Ɗafin "-wa" ya riga ya sanar cewa babu karɓau a gaba.

Haka abin yake wajen kiran suna:

10. Ask Musa.
11. Ask, Musa.

A jimla ta 10 Musa za a tambaya, a ta 11 kuwa Musa ne ake umurta ya yi tambaya. Hausa za ta ce "ka tambayi Musa" a ta farko, ta ce "ka tambaya, Musa" a ta biyu. Ko an share waƙafin, wasalin ƙarshen aikatau ya raba gardama. Aikatan Ingilishi ba ya sauya siffa a wannan wuri, saboda haka nauyin ma'ana gaba ɗaya ya koma kan waƙafi. Wannan shi ne sirrin da nake so kowane malami ya riƙe: abin da Hausa ke faɗa da ƙirar kalma, sau da yawa Ingilishi da waƙafi yake faɗar sa a rubuce.

3.5 Keɓe ƙarin bayani

A ce shugaban makaranta ya liƙa sanarwa a ofishin malamai. Dubi bambancin waɗannan biyu:

12. Teachers who have not submitted their results will not be paid.
13. Teachers, who have not submitted their results, will not be paid.

Jimla ta 12 tana nufin malaman da ba su miƙa sakamako ba su kaɗai za a hana albashi. Jimla ta 13 kuwa tana cewa malamai duka ba su miƙa ba, kuma duka za a hana su. Waƙafi biyu sun mayar da gargaɗi ga 'yan kaɗan ya zama hukunci a kan kowa. Ƙa'idar ita ce, bayanin da ke tantance wa ake nufi ba a keɓe shi da waƙafi, wanda kuwa ƙari ne kawai, ana iya cire shi ma'ana ta zauna, shi ake keɓewa. Kuma idan irin wannan ƙari ya zo a tsakiyar jimla, waƙafi biyu yake bukata, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kamar baka biyu. Wanda ya buɗe bai rufe ba ya yi rabin aiki.

4.0 Waƙafin Ƙarshen Jeri

Akwai wuri ɗaya da masu Ingilishin kansu suka rabu biyu, wato waƙafin da wasu ke sawa kafin mahaɗin ƙarshe a jeri. Ana kiran sa waƙafin Oxford saboda Maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta daɗe tana amfani da shi a littattafanta. Yawancin masu buga littattafai a Amurka suna sa shi, jaridu da yawa a Amurka da Ingila kuwa ba sa sawa sai in rashinsa zai kawo ruɗani. Makarantunmu, da yake tafarkin Ingila suka gada, sun fi sabawa da barin sa. Dubi wannan:

14. I travelled with my parents, the headmaster and the nurse.

Shin iyayen nawa su ne shugaban makaranta da ma'aikaciyar jinya, ko kuwa da mutum huɗu na yi tafiya? Waƙafi bayan "headmaster" zai warware matsalar. To amma kada a ɗauka shi ne maganin kowace cuta:

15. I travelled with my father, the headmaster, and the nurse.

A nan waƙafin ne da kansa ya haifar da shakka, domin ana iya fahimtar cewa mahaifina shi ne shugaban makarantar. Bahaushe da ya ce "da mahaifina da shugaban makaranta da ma'aikaciyar jinya" bai bar wa kowa ƙofar shakka ba. Darasin shi ne, babu tsarin da ke ɗauke wa marubuci nauyin tunani. A zaɓi tsari ɗaya a tsaya a kansa, idan kuma jimla ta ƙi fitowa fili a sake gina ta.

Wanda ke ganin wannan gardamar malaman nahawu ce kawai, ga labari daga jihar Maine ta ƙasar Amurka. A shekarar 2014 direbobin wani kamfanin madara mai suna Oakhurst Dairy suka kai kamfanin ƙara suna neman kuɗin ƙarin lokacin aiki. Dokar jihar ta jera wasu ayyuka da masu yin su ba su cancanci wannan kuɗi ba, jerin kuma ya ƙare da kalmomin "packing for shipment or distribution". Babu waƙafi kafin "or". Kamfani ya ce ayyuka biyu ake nufi, ƙunshe kaya daban, rarraba kaya daban, kuma direbobi masu rarrabawa ne, saboda haka ba su da haƙƙi. Direbobi suka ce aiki ɗaya ne, wato ƙunshe kaya domin aikawa ko domin rarrabawa, su kuwa ba sa ƙunshe komai. Kotun farko ta ba kamfani gaskiya. Ranar 13 ga Maris, 2017, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke birnin Boston ta soke wannan hukunci, ta ce nassin dokar yana ɗaukar ma'ana biyu, kuma a irin wannan hali ana fassara dokar ƙwadago ta fuskar da ta fi kare ma'aikaci. A 2018 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5. Majalisar jihar kuma ta sake rubuta dokar, ta raba ayyukan da waƙafi mai ruwa.

Tun kafin wannan, a shekarar 1872, an yi irin haka a dokar kuɗin fito ta Amurka. An so a yafe haraji ga dashen itatuwa masu 'ya'ya da ake shigowa da su, wato "fruit plants". Sai waƙafi ya kutsa tsakanin kalmomin biyu, jerin ya koma "fruit, plants". Masu shigo da lemo da sauran 'ya'yan itatuwa suka ce ai doka ta yafe musu. Kafin majalisa ta gyara kuskuren a 1874, gwamnati ta yi asarar kimanin dala miliyan 2.

Ko a lissafi akwai abin lura. A Ingilishi waƙafi ke raba dubbai, saboda haka 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne. A tsarin Faransanci, wanda 'yan'uwanmu na Nijar suka yi karatu da shi, waƙafi ke raba cikakkiyar lamba da ɓangarenta, saboda haka wannan adadi ɗaya da rabi yake nufi. Malamin da ke koyarwa a garuruwan kan iyaka ya kamata ya san da wannan.

5.0 Hanzarin Masu Suka

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne.

Na farko zai ce, "Mu Hausa muka zo karanta, wannan aikin malamin Ingilishi ne." Amsata ita ce, da yawa daga cikinku Hausa da Ingilishi kuka haɗa, waɗanda ma ba su haɗa ba da Ingilishi za su rubuta tsarin darasi da rahoton ɗalibi da takardar neman aiki. Ban da haka, a makarantun karkara malami ɗaya kan riƙe aji ya koyar da kowane darasi. Abu mafi muhimmanci kuma, malamin Ingilishi da bai nazarci nahawun Hausa ba yana ganin kuskure ne kawai, kai kuwa kana ganin tushensa. Da ɗan gari akan ci gari.

Na biyu zai ce, dokar numfashi tana da sauƙi ga ƙananan yara, kuma sau da yawa takan dace. Gaskiya ne takan dace, domin iyakar ganga takan zo daidai da dakatawar murya. Amma a misalai na 5 da na 8 mun ga ta kai yaro ga kuskure kai tsaye, kuma waɗannan su ne kurakuran da suka fi yawa a rubutun yaranmu. Sauƙin da sai an zo an kankare shi daga baya wahala ce aka jinkirta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku zai ce, tunda masu harshen ma sun saɓa wa juna, me ya sa za mu takura wa kanmu? Saɓanin nasu a kan wurare kaɗan ne, kamar waƙafin ƙarshen jeri da wanda ke biyo bayan gajeren share fage. Babu saɓani a kan raba aikau da aikatau, babu kuma a kan bambancin misalai na 12 da 13. Kada a fake da guzuma a harbi karsana.

Na huɗu zai ce, zamani ya sauya, mutane suna aika saƙonni ta waya babu aya babu waƙafi, kuma ana fahimtar juna. Haka ne, domin abokin hirarka yana nan, in bai gane ba zai tambaye ka. Mai duba takardar jarrabawa ba zai tambaye ka ba, haka alƙalin da ke karanta yarjejeniya. A tsarin da hukumar WAEC ta daɗe tana bi wajen duba insha'in Ingilishi, akwai kason maki da aka ware domin daidaiton rubutu, kuma kowane kuskure na nahawu ko na harafi ko na alama yana zaftare wani abu daga cikinsa. Yaro mai kyakkyawan tunani yana iya rasa wannan kaso ƙurmus, alhali sakamakon Ingilishi shi ne mabuɗin shiga manyan makarantu.

6.0 Shawarwari ga Malamai

Da farko, a fara da jimla kafin a zo ga alama. Yaron da bai iya nuna aikau da aikatau ba, bai kuma san inda ganga ta fara da inda ta ƙare ba, ba zai iya ajiye waƙafi a mazauninsa ba. Darasin waƙafi darasin nahawu ne.

Na biyu, a raba allo gida biyu, Hausa a dama Ingilishi a hagu, a bar yara su gano bambancin da kansu. Abin da yaro ya gano ya fi abin da aka haddace masa zama a kai.

Na uku, a yi amfani da jimloli tagwaye irin na 10 da 11 ko 12 da 13, a tambayi aji, "Wa za a tambaya? Su wa za a hana albashi?" Da zarar yaro ya ga waƙafi yana sauya ma'ana, ya daina ɗaukar sa ado.

Na huɗu, a wajen gyaran aiki kada a tsaya ga zagaye kuskure da jan biro. A kira yaro a tambaye shi, "Wane aiki wannan waƙafi yake yi a nan?" In yana jera abubuwa, ko yana rakiyar mahaɗi, ko yana shata iyakar share fage, ko yana keɓe ƙari, a bar shi. In ba shi da aikin da za a ambata, a cire shi.

Na biyar, a yi hattara da shifta. Idan malami yana faɗa wa yara inda za su sa kowace alama, kunnensu kawai ya gwada. Ya fi kyau a ba su sakin layi da aka cire wa alamomi, su mayar, sannan kowa ya kare zaɓinsa da hujja.

Na ƙarshe, malami ya dubi nasa rubutun. Abin da ka rubuta a allo da katin sakamako da wasiƙar da ka aika wa iyaye, su ne littafin da yaro ya fi karantawa. In ka ɗaure ganguna biyu da waƙafi a allo, ka koya wa yara sittin kuskure a rana ɗaya.

7.0 Kammalawa

A wannan maƙala an yi ƙoƙarin nuna cewa waƙafin Ingilishi ya faro ne a matsayin alamar dakatawar murya, amma ya daɗe da komawa ma'aikacin nahawu. An kuma nuna cewa kurakuran ɗan Bahaushe a wannan fage suna da tushe a jeri da "da" da jera ganguna ba mahaɗi da fito da abin magana gaba da kuma ƙirar aikatau, waɗanda duk daidai ne a Hausa. Saboda haka bai kamata a nuna wa yaro cewa harshensa ne ya gaza ba. A nuna masa cewa kowane harshe da hanyar da yake bi ya fito da ma'ana.

Ɗalibin nan nawa na gwajin koyarwa ya koma ajinsa mako na gaba, ya rubuta misalai na 10 da 11 a allo. Ya ba ni labari cewa yaron da numfashinsa bai ƙare ba shi ya fara ɗaga hannu. Fatana shi ne kowane ɗayanku, ranar da ya tsaya gaban aji, ya tambayi yara aikin da waƙafi ke yi, ya bar numfashinsu ya huta.

Tambayoyi Domin Nazari

1. Bayyana yadda asalin kalmar waƙafi ya yi tasiri a kan yadda ake koyar da alamar a makarantunmu.
2. Kawo jimloli uku na Hausa masu jerin ganguna ba tare da mahaɗi ba, ka mayar da su daidaitaccen Ingilishi, ka bayyana gyaran da ka yi.
3. Shin ka yarda da marubucin cewa sa waƙafi a jerin sunaye na Hausa rigar aro ce? Kafa hujja da misalai.
4. Tsara darasi na minti 40 ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a kan waƙafin keɓe ƙarin bayani.